Zaɓen darussa a shekarun ƙarshe na sakandare: tambayoyin ɗalibai da na iyaye

Duk shekara, da zarar an raba fom ɗin zaɓen darussa, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa gabana, wasu daga bakin ɗalibai, wasu daga iyaye. Na tattara waɗanda suka fi yawa a nan, na amsa su yadda nake amsawa idan muna zaune ido da ido.

Yaro bai wuce shekara 15 ko 16 ba. Me ya sa ake ɗaukar wannan zaɓi da zafi haka?

Saboda ranar neman gurbin karatu takarda ake dubawa. Jami'in da ke tantance masu nema bai san ka ba, bai taɓa jin yadda kake magana ba. Jerin darussa ne a gabansa, yana bi ɗaya bayan ɗaya, inda ya ga giɓi sai ya ajiye takardarka gefe.

Akwai wani yaro da har yau nake tunawa da shi. Ya shigo min riƙe da sakamakonsa a cikin leda, ya shimfiɗa shi a kan tebur yana murmushi, domin kuwa ya ci duk darussan da ya rubuta. Aikin lauya yake so tun yana ƙarami. Na bi jerin da yatsa, na sake bi, babu darasin adabin Turanci. Shekara uku kafin nan ya bar shi, don ya ga littattafan da za a karanta sun yi masa yawa, kuma babu wanda ya gaya masa cewa sashen shari'a na jami'ar da yake so ba ya ɗaukar wanda bai ci adabi ba. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Malam, ai ba wanda ya faɗa min." Gaskiya ya faɗa. Sai da ya zauna shekara guda ya karanta darasin, ya sake rubuta jarrabawa. Tambayar da ba ta wuce minti biyar ba ita ce ta ci masa shekara.

Tsarin iri ɗaya ne a kowace ƙasa?

A'a. Wasu ƙasashe rukuni suke ba ka, ka shiga ɗaya ka ɗauki duk abin da ke ciki. A Najeriya ana raba ɗaliban babbar sakandare zuwa ɓangaren kimiyya, da na adabi da zamantakewa, da na kasuwanci, su rubuta jarrabawar WAEC ko NECO, sannan su rubuta darussa huɗu a jarrabawar JAMB, Turanci dole da wasu uku da suka dace da fannin da ake nema. A Nijar, bayan jarrabawar BEPC ta ƙarshen ƙaramar sakandare, akwai layin A na adabi, layin C na lissafi da fiziks, da layin D na kimiyyar halittu. A Indiya ma bayan aji na 10 ake rabuwa zuwa kimiyya, kasuwanci ko adabi.

Wasu kuwa ɗai-ɗai suke barin ka tsinta. Ɗalibi a Ingila yakan ɗauki darussa uku kacal ya yi shekara biyu a kansu. Tsarin IB, tsarin karatun sakandare na ƙasa da ƙasa wanda aka kafa a birnin Janiba a 1968, yana neman darussa shida daga rukunoni daban-daban, uku daga ciki a babban mataki, kuma jimillar makinsa 45 ne. Faransa ta soke tsoffin layukanta, yanzu ɗalibi yana zaɓar darussa uku na ƙwarewa, a shekarar ƙarshe ya riƙe biyu.

Abin lura shi ne, gwargwadon ƙarancin darussan da aka ba ka, gwargwadon nauyin kowane ɗaya. Mai darussa tara zai iya kuskure ɗaya ya tsira. Mai uku ba shi da wannan sararin.

To daga ina zan fara?

Daga ƙarshe za ka faro, ka dawo baya. Ɗauki takarda ka rubuta ayyuka uku ko huɗu da kake ganin za ka iya yi da rayuwarka, har da wanda kake jin kunyar faɗa. A gaban kowanne ka rubuta karatun da ke kai mutum can, sannan ka nemo darussan da ake buƙata kafin a ba da gurbin wannan karatu. Da ka jera su za ka ga wasu darussa suna maimaituwa. Su ne ginshiƙinka, sauran kuma sai ka cike da abin da ranka ke so.

Wasu buƙatun kusan duk duniya ɗaya ne. Likitanci, haɗa magunguna da aikin jinya suna tafiya da kemistiri da bayoloji, a ƙasashe da dama har da fiziks. Injiniyanci ba ya yiwuwa sai da lissafi da fiziks, galibi da kemistiri. Zanen gine-gine yana neman lissafi da fiziks. Kimiyyar kwamfuta, wadda yara da yawa ke zaton iya danna na'ura ce, lissafi ne tsantsa a gindinta. Tattalin arziki da aikin akanta ma lissafi suke nema.

Amma kar ka tsaya a kan wannan jeri nawa, kar kuma ka dogara da abin da yayanka ya gaya maka daga zamaninsa. Ƙa'idoji suna canzawa, kuma jami'o'i biyu a ƙasa ɗaya sukan bambanta a fanni ɗaya. Ka buɗe shafin jami'ar da kanka, ko kundin hukumar da ke ba da gurbi, ka duba shekarar da aka wallafa shi. Zuwa da kai ya fi aike.

Ni fa ban san abin da nake so in zama ba. Laifi ne?

Ko kusa ba laifi ba ne. Yawancin sa'o'inka ma ba su sani ba, wasu dai sun fi ka iya faɗar amsa da ƙarfi. Abin da ya kamace ka shi ne ka zaɓi abin da zai bar maka hanyoyi da yawa a buɗe, kuma a nan akwai wani abu da ba a cika bayyana wa ɗalibai ba.

Darussa iri biyu ne. Akwai masu kama da tsani, waɗanda ba ka taka mataki na biyar sai ka taka na huɗu. Lissafi haka yake, fiziks da kemistiri haka suke, koyon baƙon harshe ma haka. Wanda bai iya warware lissafin da ake neman adadin da ba a sani ba, ba zai gane lissafin gudu da nisa a fiziks ba. Wanda bai gane yadda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa ba, duk abin da zai biyo baya a kemistiri hadda kawai zai yi. Idan ka sauka daga irin wannan tsani shekara biyu ko uku, komawa yana da wuya ƙwarai, domin ba ka da malami, ba ka da ɗakin gwaje-gwaje, abokanka kuma sun yi nisa.

Akwai kuma darussan da za a iya shiga ta ƙofofi da yawa. Mutum zai iya fara nazarin halayyar jama'a, ko harkokin mulki, ko aikin jarida, ko gudanar da kasuwanci a jami'a ko da bai yi su a sakandare ba, muddin ya iya karatu da rubutu sosai. Wannan ba ya rage musu daraja ko wahala. Yanayin gininsu ne ya bambanta.

Shi ya sa ƙaura daga kimiyya zuwa adabi ta fi sauƙi a kan ƙaura daga adabi zuwa kimiyya. Idan da gaske kana tsakiya, kuma makinka a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne, ka riƙe darussan tsani tukuna. Sharaɗin shi ne kana iya su. Hanyar da ka bari a buɗe da sakamakon faɗuwa ba ta kai ka ko'ina.

Lissafi yana ba ni wahala. In bar shi?

Idan tsarinku ya ba ka dama, ka yi tunani sau biyu. Babu darasin da barinsa ke toshe hanyoyi da yawa kamar lissafi, har a fannonin da ba ka zata ba. Mai nazarin halayyar ɗan Adam, mai binciken lafiyar al'umma, mai nazarin yanayin ƙasa, duk da ƙididdiga suke aiki.

Faransa ta gwada. Lokacin da ta sauya tsarinta, ta cire lissafi daga darussan dole na shekaru biyun ƙarshe. Ɗalibai da yawa suka bar shi, musamman 'yan mata, malamai da masana suka yi ta kuka, har gwamnati ta dawo da shi a matsayin dole a 2023 ga ɗaliban shekarar kusa da ƙarshe waɗanda ba su zaɓe shi a darussan ƙwarewa ba.

Kafin ka yanke, ka binciki inda wahalar ta faro. Na sha ganin ɗalibin da ya rantse ba shi da kan lissafi, da aka zauna da shi sai aka gano wani zango ne guda ya rasa, wataƙila ya yi rashin lafiya lokacin da aka koyar da rabon kashi, tun daga nan komai ya dagule masa. Irin wannan giɓi ana cike shi cikin 'yan makonni. Idan kuwa tsarinku yana da lissafi mataki biyu, na kowa da kowa da kuma mai zurfi, to ka riƙe na kowa da kowa, mai zurfin ka bar wa masu nufin injiniyanci da makamantansa.

Gaskiya ne masu ƙwaƙwalwa su ke zuwa kimiyya, sauran a tura su adabi?

Ƙarya ce, kuma ta ɓata rayuwar yara da yawa. Wasu makarantu ma su ke ƙarfafa ta, su jera ɗalibai bisa maki, na sama su tafi kimiyya, na ƙasa a zuba su a adabi, ba a tambayi kowa ra'ayinsa ba. Sai ka ga yarinyar da ta fi kowa iya jayayya da hujja, wadda da ta zama lauya ko marubuciya ta ƙwarai, tana zaune a ajin kemistiri tana kwafar abin da ba ta fahimta, don kawai kar a ce ta gaza. Ka ga kuma yaron da ke son na'ura kamar ransa an hana shi fiziks saboda ya faɗi jarrabawa ɗaya.

Karanta dogon rubutu ka tsamo abin da marubuci ya ɓoye, auna shaidu biyu masu karo da juna a tarihi, rubuta shafi uku da hujjarsu ba ta yanke ba, duk wannan aikin ƙwaƙwalwa ne mai nauyi, kuma ɗaliban kimiyya da yawa ba sa iya shi. Alƙalai, jakadu, malamai, masu tsara dokoki da masu tafiyar da hukumomi daga nan da yawansu suka fito.

Ta yaya zan gane darasin da nake da ƙarfi a kai?

Kar ka tambayi zuciyarka kaɗai, ka nemi shaida. Fito da sakamakonka na zango uku ko fiye, domin zango ɗaya yana iya zama sa'a ko tsautsayi. Ari littafin ajin gaba ka karanta babi ɗaya, ka ga ko yana jan ka ko yana korar ka. Nemi tsoffin tambayoyin jarrabawar ƙarshe ka duba irin abin da za a nema daga gare ka bayan shekara biyu ko uku. Ka je wurin malamin darasin ka ce masa, "Malam, don Allah ka gaya min gaskiya, zan iya?" Sannan ka samu wani ɗan ajin ƙarshe ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala.

Akwai wata alama da na fi yarda da ita a kan maki. Wane darasi ne idan ka makale a cikinsa kake jin haushi ka koma kansa, ba ka rufe littafi ka tashi ba? Kowane darasi yana da ranar da zai yi tsauri, wanda kake iya jure tsaurinsa shi ne naka.

Duk abokaina sun zaɓi ɓangare ɗaya. In bi su?

Za ku haɗu lokacin tara da bayan an tashi. A ɗakin jarrabawa kuwa kowa da kujerarsa da lambarsa.

Ina son darasin amma ba na shiri da malaminsa.

Malami yana iya samun canjin wurin aiki a zango mai zuwa, darasin da ka bari kuwa ba zai dawo cikin sakamakonka ba. Haka nan a ɗaya gefen, ka tabbata darasin kake so, ba barkwancin mai koyar da shi ba. Idan matsalar ta wuce rashin jituwa, wato ana wulaƙanta ka ko ana cin zarafinka, wannan magana ce da za a kai wa iyaye da shugaban makaranta, barin darasi ba ya maganinta.

Ni uba ne. Ina so ɗana ya zama likita, shi kuma ya ƙi. Ba ni da haƙƙi a kansa?

Kuna da haƙƙi babba, kuma na san daga ƙauna wannan buri ya fito. Kun ga duniya fiye da shi, kun san abin da rashin aiki ke yi wa mutum, ku ne kuma za ku ɗauki nauyin karatun. Shawararku ta fi ta kowa nauyi.

Abin da nake roƙonku shi ne ku ɗauko sakamakonsa ku duba kemistiri da bayoloji da idonku. Gurbin likitanci yana cikin mafi wuyar samu a kowace ƙasa, karatunsa galibi shekara biyar zuwa shida ne kafin a fara horon asibiti, kuma waɗanda ke so da dukkan zuciyarsu ma suna jigata. Yaron da aka tura ba da son ransa ba yakan ƙare da sakamako mai rauni, wanda bai isa likitanci ba, bai kuma dace da abin da yake so ba. An yi biyu babu ke nan.

Ku zaunar da shi ku tambaye shi abin da yake so da dalilinsa, ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Sannan ku ba shi aiki: ya je ya binciko inda wannan karatu ke kaiwa, wane aiki ake samu, su wa ke ɗauka, ya dawo muku da bayani cikin mako guda. Idan son rai ne na banza, binciken zai tona shi. Idan kuwa ya dawo da amsa tsayayya, kun san da gaske yake.

Ni ce ɗalibar, iyayena kuma sun dage. Me zan yi?

Kar ki yi fushi, kar kuma ki cike fom a ɓoye. Ki je musu da takarda a hannu, sakamakonki da bayanin karatun da kike so. Ki fara da tambayarsu abin da suke tsoro, domin sau da yawa tsoron kar ki rasa abin yi ne ke magana da bakinsu. Idan maganar ta yi miki nauyi, ki roƙi malamin da suke girmamawa ya zauna tare da ku. Wani lokaci akwai mafita a tsakiya, ki riƙe darasi ɗaya da zai kwantar musu da hankali tare da waɗanda kike so.

'Yata tana son fiziks da lissafi, ana ce min sun fi ƙarfin mace.

Ku toshe kunnenku. Marie Curie ta karɓi kyautar Nobel a fiziks a 1903, ta sake karɓa a kemistiri a 1911, kuma har yau ita kaɗai ce ta ci wannan kyauta a fannonin kimiyya biyu mabambanta. Maryam Mirzakhani 'yar Iran ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Fields, mafi daraja a lissafi, a 2014, ita da tana ƙarama marubuciya take so ta zama. Abin da ke korar 'yan mata daga waɗannan darussa shi ne maganar da ake yi a kunnensu, da kuma zama su biyu ko uku a cikin aji cike da maza. Kalmar ƙarfafawa daga uwa ko uba tana da tasirin da malami ba zai taɓa samu ba.

Ba gara in zaɓi darussa masu sauƙi in samu maki mai kyau ba?

Maki mai kyau a darasin da ba a nema ba ba ya ba da gurbi. Ka fara cike na dole. Idan da sauran wuri, babu laifi ka saka ɗaya da ke zo maka da sauƙi, ya ba ka numfashi.

Idan na ƙara yawan darussa, ba zai ƙara min daraja ba?

Da wuya. Masu ba da gurbi sukan ƙirga adadi ƙayyadadde, a Najeriya kiredit biyar a darussan da suka dace, a Ingila darussa uku. Kowane ƙari yana cin lokacin sauran. Banda guda ɗaya: darasin da zai haɗa maka hanyoyi biyu, kamar ɗalibin kimiyya ya riƙe tattalin arziki ko labarin ƙasa.

Makarantarmu ba ta da malamin darasin da nake buƙata, ɗakin gwaje-gwajenmu kuma a rufe yake.

Wannan tambaya tana taɓa min zuciya, domin laifin ba na ɗalibi ba ne. Ka tambaya tun kafin ka cike fom: wa zai koyar, sau nawa a mako, an yi gwaji a aikace bara ko a allo aka zana? Jarrabawar kimiyya tana da ɓangaren gwaji, kuma wanda bai taɓa riƙe kwalbar awo ba yana shiga da rauni. Idan ku da yawa ne, ku haɗu da iyayenku ku kai buƙata ga shugaban makaranta, muryar mutum ashirin ta fi ta mutum ɗaya. Ana iya neman izinin yin gwaji a wata makaranta, ana iya neman malami na bayan an tashi, akwai kuma darussa na kyauta a intanet waɗanda ke taimakawa wajen fahimta ko da ba su maye gurbin taɓa kayan aiki ba. Idan duk wannan ya faskara kuma burinka ya rataya a kan darasin, canjin makaranta a farkon shekara ya fi sauƙi a kan canji a tsakiya.

Darussan sana'a fa? Ba na waɗanda suka kasa ba ne?

A Jamus matasa masu ɗimbin yawa ta wannan hanya suke bi, su raba mako tsakanin makaranta da kamfani na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, su fito da takardar da ake girmamawa. Aikin lantarki, gyaran injuna, aikin gona, zanen fasaha, ɗinki, sarrafa kwamfuta, duk suna ba yaro abin da zai iya yi da hannunsa ranar da ya gama. Abin da za a kiyaye shi ne a haɗa su da harshe da lissafi, domin idan ya so ci gaba zuwa kwalejin fasaha ko jami'a ya samu hanya.

Na riga na zaɓa, yanzu na ga kamar na yi kuskure. Ya wuce ke nan?

Bai wuce ba. Charles Darwin ya shiga karatun likitanci a Edinbura a 1825, ya bari bayan shekara biyu don bai iya jure kallon tiyata ba, kuma duniya ta san abin da ya zama a nazarin halittu. Sai dai canji yana da lokacinsa.

Ka fara bambance kuskure da girgizar farko. Kusan kowa yana jin darussa sun yi tsalle a makonnin farko na babbar sakandare, makin da aka saba gani yakan sauka. Ka ba kanka mako huɗu zuwa shida kana aiki tuƙuru, kana tambaya a aji. Idan bayan haka har yanzu kana jin kamar da wani harshe ake magana, ka je wurin malamin ajinku tun zangon farko bai ƙare ba. A lokacin abin da ka rasa a sabon darasi kaɗan ne, za ka kwafi rubutun abokai ka cim musu. Bayan shekara guda abin ya yi nauyi, bayan an yi rajistar jarrabawar ƙarshe kuwa galibi hukuma ba ta karɓar canji.

Wanda ya riga ya gama, ya tarar da giɓi a sakamakonsa, shi ma yana da hanyoyi. Zai iya rubuta darasin da ya rasa a jarrabawar masu zaman kansu, kuma jami'o'i da dama suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, ko da yake fannoni irin su likitanci sukan nemi zama ɗaya. Akwai shirye-shiryen share fage na shekara guda, akwai kuma hanyar difloma wadda ke kai mutum jami'a daga baya. Kafin ka biya kuɗin ko ɗaya daga ciki, ka rubuta wa sashen da kake nufin shiga, ka tambaye su ko suna karɓar wannan hanya, ka ajiye amsarsu a rubuce.